Motar haya ba ta haihuwa: lissafin da ke kashe ƙananan kamfanonin bis

Tun ladan bai kira assalatu ba, manyan motocin bis masu zuwa Yamai sun riga sun tada inji a Maraɗi. Fasinja na riƙe da tikiti mai lambar kujera, kaya na cikin ciki an liƙa musu takarda, kuma in lokaci ya yi mota za ta ɗaga, ko ta cika ko ba ta cika ba. A tashar gari kuwa, inda ƙananan motoci ke jiran layi, wata duniya ce dabam. Hiace na tsaye ƙofa buɗe, ɗan kamasho na kiran Tasawa da Damagaram har muryarsa ta dushe, mutum bakwai sun shiga sun zauna, ana jiran goma sha ɗaya. Mai motar yana gida, yana jiran yamma ta yi a kawo masa kuɗin yini.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani rukuni da ba a cika maganarsa ba: mai mota uku, ko biyar, ko takwas, wanda ya kama rumfa a bakin hanya, ya rubuta suna a jikin motocinsa, ya ɗauki mai saida tikiti, yana kiran abin kamfani. Yawancinsu ƴan kasuwa ne da suka ga kuɗin hatsi ko na atamfa sun yi yawa a hannu, ko ma'aikatan gwamnati da suka zuba abin da suka tara na shekara talatin a ƙarfe mai ƙafa huɗu. Duk wanda ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Tawa da Ƙwanni, ko Damagaram da Magarya, ya san yadda labarin ya saba ƙarewa. Shekarar farko motoci sabbin fenti, shekara ta uku biyu na aiki ɗaya na kan dutse a garaji, shekara ta biyar sai allon suna kaɗai ya rage a bakin rumfa. Fasinja ba su ƙare ba, hanya ba ta rufe ba. Abin da ya faru shi ne mai kamfanin ya cinye motocinsa da kansa, jika-jika, yana tsammanin riba yake ci.

Daga 504 zuwa bis mai sanyi

Ƙasar Nijar ba ta da jirgin ƙasan da ke ɗaukar fasinja, saboda haka duk wanda zai motsa sai ta kwalta ko ta burji. Hanya ta 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa da Damagaram har Difa, ita ce ƙashin bayan harkar. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin 240. A da, wanda ke son tafiya mai tsari sai ya nemi motar kamfanin gwamnati na SNTN, sauran jama'a kuwa sai Peugeot 504 mai kujeru layi uku, ko bayan babbar mota a bisa buhuhuwa.

Abubuwa biyu suka sauya fuskar sana'ar. Na farko shi ne karyewar darajar sefa ranar 12 ga Janairu 1994, sa'ad da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare guda. Mota, taya, batir, kayan inji, duk abin da ake sayowa da kuɗin Turai ya ninka, alhali kuɗin mota da fasinja ke biya bai ninka ba, domin aljihunsa bai ninka ba. Masu motocin da suka ajiye kuɗin canjin mota a akwati sun wayi gari da rabin mota. Waɗanda ba su ajiye komai ba, su kam sun ci gaba da jan tsohuwar har ta mutu a hannunsu. Na biyu shi ne fitowar manyan kamfanoni masu zaman kansu, irin su Rimbo, EHGM, Aïr Transport da Azawad, waɗanda suka gina tashoshin kansu, suka sa lokacin tashi, daga baya suka kawo manyan bis masu sanyaya iska, da yawansu ƙirar Sin. Tun daga nan ma'aikacin da aka kira taro a Yamai, da ɗan kasuwar da ke da alƙawari da duwan, suka daina zaman jiran mota ta cika. Fasinjan da ya fi kuɗi a doguwar hanya ya tafi, kuma ba zai dawo ba.

Abin da ya rage wa ƙaramin kamfani shi ne rassan hanya da gajerun zango: Maraɗi zuwa Dakwaro, Cadawa zuwa Mayayi, Damagaram zuwa Matamai, Magarya ko Tanut, Tawa zuwa Keita, Madawa zuwa Buza. A nan akwai abinci, amma abinci ne na mai ƙirga loma.

Saniya da mota

Bahaushe ya saba da dukiyar da ke ƙaruwa da kanta. Saniya tana ba da nono yau, ta ba da maraƙi baɗi, in ta tsufa mahauci ya saye ta. Gida yana nan tsaye, darajarsa na hawa. Mota kuwa tana ba da nono kawai. Ba ta haihuwa, kuma kowane kilomita da ta taka ta rage wani abu daga jikinta wanda ba ya komawa. Kuɗin da direba ke miƙawa da yamma kashi uku ne a cakuɗe: akwai na gyaran da bai zo ba tukuna, akwai na motar da za ta gaji wannan, sa'annan akwai riba, wadda ita ce mafi ƙanƙanta. Da yake dukansu takardun kuɗi ne iri ɗaya, ido ba ya rarrabe su. Sai alƙalami.

Ga misali, da alƙaluman da aka ɗauka don nuna hanyar lissafi kawai, kowane mai mota ya sa nasa a gurbinsu. A ɗauka Hiace mai cin gazuwal ce, mai fasinja 18, tana zuwa Damagaram daga Maraɗi ta dawo a yini ɗaya, kilomita 480 ke nan. A ɗauka kujera jika 4 ce. Ta tafi cike, jika 72, ta dawo da mutum 12, jika 48. Jimla jika 120. In tana shan lita 12 a kilomita 100, tana buƙatar lita 58, kuma a farashin sefa 618 da gwamnati ta sa wa gazuwal a watan Yuli 2024, wannan ya kai kusan jika 36. A cire jika 20 na tasha, da kamasho, da peyaji, da abincin direba da yaron mota, da abin da ake bari a shingayen hanya. Saura jika 64. Wannan ne kuɗin da ke shigowa zaure da yamma, kuma wannan ne mai mota ke faɗa wa abokinsa in yana ba shi shawarar shi ma ya sayi tasa.

To amma lissafi bai ƙare ba. In an sayi motar miliyon 9, kuma za ta yi shekara 3 tana aiki kwana 200 a shekara kafin ta zama abin tausayi, to kowace ranar aiki tana cin jika 15 daga jikinta. Taya huɗu, in aka raba kuɗinsu a kan kwanakin da suke yi, a ce jika 4. Canjin baƙin mai da matatu, wanda ke zuwa kusan kowane kwana goma na aiki ga motar da ke irin wannan tafiya, jika 3. Burki, kuloci, sifirin, famfon gazuwal, da babban gyaran inji wanda ba makawa zai zo, jika 10. Albashi, asirans, patanti, bizit da sauran takardu, jika 12. Jimla jika 44. Riba ta gaskiya ta koma jika 20, wato kuɗin fasinja 5. A cikin kujeru 36 na zuwa da dawowa, 25 na farko ba na mai mota ba ne, na motar ne. Ranar da ta dawo da mutum 7 maimakon 12, an yi aikin banza. Ranar da ta dawo da 4, mai mota ne ya biya don a kai mutane unguwa, ko da yake da yamma za a miƙa masa jika 32 ya yi godiya.

Wanda ya ɗauki jika 64 ɗin nan a matsayin riba, ya yi auren ɗa da su, ya ƙara ɗaki, ya biya kujerar Makka, bai saci kuɗin kowa ba. Motarsa ce ya saida wa kansa guntu-guntu. Ranar da inji ya buga, zai ce ƙaddara ce ta faɗa masa, alhali kuwa ranar tana cikin lissafi tun sa'ad da aka sauke motar daga jirgin ruwa.

Maganin abin ba sabo ba ne, kuma ba ya buƙatar na'ura. Kowace mota da littafinta, mai ɗauke da kilomita, da litar mai, da yawan fasinja, da duk gyaran da aka yi da ranarsa. Sa'annan asusu biyu waɗanda hannun mai gida ba ya shiga: na gyara, da na canjin mota. Wasu na zuba na biyun a banki, wasu a adashi mai ƙarfi, wasu na sayen bijimai da shi su ajiye a ƙauye, domin dai kuɗin da ke kusa da aljihu ba ya kwana in an zo da maganar suna ko ta asibiti. Littafin kuma shi ne ke tona asirin motar da ke cin ƴan uwanta. A kamfani mai mota biyar, sau da yawa uku ne ke ciyar da biyu, kuma in kuɗin duka a jaka ɗaya ake zuba su, ba wanda zai gane wacece ke ci.

Sayen mota, da sayen wahala

Kusan duk motar da ƙaramin kamfani ke saye ta riga ta yi rayuwa ɗaya a Turai ko a ƙasashen Larabawa. Shekara da shekaru hanyarta ita ce tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta bi Faraku da Malanbil ta shigo ta Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, wannan ƙofa ta rufe, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, kaya da yawa sun ci gaba da bi ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, hanyar da ta fi tsawo, ta fi tsada, ta fi jinkiri. Wanda ya yi lissafin canjin mota da farashin 2022 ya tarar da kuɗinsa sun gaza, kamar dai na 1994.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara mota iri-iri. An samu Toyota da araha a wannan wata, an samu wata ƙirar Jamus a gwanjo wancan wata, wani aboki ya bar wata ƴar Sin a kan bashi. Kowace da kayanta, kowace da makanikinta, tayar wannan ba ta shiga waccan. Mai mota huɗu iri ɗaya yana ajiye famfo ɗaya, da batir ɗaya, da taya biyu, sun ishe shi duka. In ɗaya ta yi hatsari ta mutu, gawarta ma dukiya ce, domin shekara guda za a yi ana ciro kaya daga jikinta. Abin da ya sa Hiace ta mamaye tashoshi ba kyanta ba ne. Ko a Gazawa ta lalace akwai wanda ya san cikinta, kuma abin da ba a samu a Maraɗi ba, ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Maganar kayan gyara kuwa tana da tarko. Iri uku ne a kasuwa: na asali, na kwance da aka ciro daga motocin Turai, da sabo na jabu mai kyan kwali. A fitila ko madubi, jabu ba ya kashe kowa. A burki, da taya, da abin da ke riƙe sitiyari, arahar jika biyar tana iya zama jana'izar mutum goma sha takwas. Tayar kwance da ta shekara tana ajiye a sanyin Turai, in aka ɗora mata lodi a kwaltar watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ba ta yin sallama kafin ta fashe.

Ƙasar ma tana da nata haraji a kan inji. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin ƴan kwanaki, kuma yaron mota ya saba ya bubbuge ta a taya ya mayar, har ta yage ba a sani ba, yashi ya riƙa shiga inji yana cinsa kamar dutsen niƙa. Bazara tana tafasa ruwan inji. Damina tana cika koramu, ta yanke hanyoyin burji na kwana da kwanaki, wani lokaci har da kwalta, kamar yadda ambaliyar Agusta 2024 ta yanke hanya ta 1 a bakin Yamai. Lokacin gyaran da mai ƙera mota ya rubuta a littafi, don hanyoyin wata ƙasa ya rubuta shi. A nan mai hankali yana rage shi.

Akwai kuma abin da ke da wuyar haɗiya ga mai ƙaramin jari, wato ajiye mota ɗaya ba ta fita. Ga ido asara ce, ƙarfen miliyoyi na zaune a inuwa. Amma kamfanin da ya ce yana tashi ƙarfe 7 kullum, kuma duk motocinsa na kan hanya, ranar da ɗaya ta ƙi tashi ya karya alƙawari, kuma alƙawarin nan shi kaɗai ne ya bambanta shi da motar layi. Sa'annan in ba mai maye gurbi, ba a taɓa samun ranar kai mota garaji tana da lafiya. Sai ta faɗi a daji tsakanin Takeita da Tasawa, a biya kuɗin janta, a maida wa fasinja kuɗinsu, a kuma yi gyaran da ya ninka na farko sau uku.

Direba

Mai kamfani yana miƙa wa mutum dukiyar miliyoyi da rayukan jama'a, ya tura shi inda ido ba ya kai wa. Duk tsarin biyan da aka zaɓa yana koya wa direba wata ɗabi'a. In aka yanka masa kuɗin da zai kawo kullum, abin da ƴan tasha ke kira balas, sauran nasa ne, to an koya masa gudu, da lodi fiye da kima, da ɓoye ƙarar da ya ji a inji, domin ranar garaji ranar yunwa ce a gidansa. In albashi tsagwaro ne ba tare da wani kaso ba, ba ruwansa da mota ta cika ko ba ta cika ba, kuma fasinjan da ya ɗauka a Agye ya sauke a Gazawa ba zai shiga littafi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne albashin da ake biya kan lokaci, da ɗan kaso bisa fasinja, da tukwici ga wanda tayarsa ta daɗe, mansa bai wuce kima ba, bai yi hatsari ba. Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 42.000, kuma doka ta wajabta a rubuta ma'aikaci a CNSS. Ƙananan kamfanoni da yawa na kauce wa wannan, sa'annan su yi mamakin yadda direban kirki ke barinsu da zarar babban kamfani ya kira shi.

Mai shi ne babbar ƙofar zuba. Shekaru aru-aru garuruwan kan iyaka sun rayu da man Najeriya na ƴan ruwa-ruwa, wanda ake saidawa a kwalba da jarka ƙasa da farashin gidan mai, ko bayan matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamba 2011. Direba ya karɓi kuɗin gidan mai, ya sha na bakin hanya, ya riƙe bambancin, kuma in an gauraya man da ruwa ko kananzir, inji ne ke biya. Da Najeriya ta cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023, arahar ta gushe, jama'a suka koma gidajen mai, har aka yi dogayen layuka a Maris 2025. Gazuwal kuma ya sha nasa hawa da sauka: daga sefa 538 zuwa 668 a Agusta 2022, sa'annan zuwa 618 a 2024. Mai kamfani ba shi da iko a kan ko ɗaya daga waɗannan. Ikonsa shi ne ya ƙulla da gidan mai ɗaya, a zuba da takarda, a rubuta kilomita. Motar da ta saba shan lita 12 ta koma 15, ko dai famfo ya lalace ko an sa tiyo, kuma duka biyun suna son a sani da wuri.

Sai kuma maganar da kowa ke tsoron faɗa, ta ɗan uwa. Ana ba ƙane ko ɗan yaya mota saboda amana, kuma sau da yawa amanar tana nan. Matsalar ita ce ba a iya korarsa. Bare in ya yi ɓarna a sallame shi da safe. Ɗan yaya in ya kona inji, kafin azahar uwarsa ta iso gida da kuka, dattawa sun sa baki, mako na zagayowa yana kan sitiyari.

Takardu, da ranar da ake nemansu

Kart giris, bizit, asirans, patanti, izinin jigilar fasinja, farmin direba mai dacewa da motar haya, kuɗin sandika da na ma'aikatar magajin gari: mai mota yakan ɗauke su duka a matsayin abin nuna wa jandarma. Asirans kam ta wuce nan. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, wadda dokarta ta wajabta asirans ɗin da ke biyan waɗanda mota ta cutar. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2011, asirans ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, ba sauran a karɓi takarda a ce za a kawo kuɗi ƙarshen wata. Sa'annan takardar tana ɗauke da yawan kujeru. Motar da aka rubuta wa mutum 18 ta kife da 26, kamfanin asirans yana da hanyar juyowa kan mai mota da abin da ya biya. Hatsari ɗaya irin wannan ya isa ya haɗiye mota biyar da gidan da ake kwana.

Lodin kan rufi ma haka yake. Buhun albasar Galmi, da babur, da akuya, kuɗi ne masu daɗi, wani lokaci sun fi na fasinja. Amma su ne ke karya sifirin, su ci taya, su ɗaga nauyin mota sama ta yadda ƙaramar kaucewa rami ke zama kifewa. Saƙon kuɗi, wanda a da yake kawo wa direba da kamfani ɗan abu, ya koma hannun su Nita, Al Izza da Amana. Abin da ya rage shi ne ƙananan saƙonni, takardu, magani, kayan gyara, waɗanda ba su da nauyi kuma mai su yana biya da murna in an ba shi rasit.

Kasuwa tana da kalanda

Fasinja ba ya zuwa daidai wa daida. Litinin da Juma'a na Maraɗi ne, Alhamis ta Damagaram, Laraba ta Ƙwanni, Lahadi ta Tawa da Mirya. Bayan girbi samari na fita cin rani, motoci na tafiya kudu cike su dawo wayam. Gab da faɗuwar damina abin ya juya. Jajibirin Sallah kowa na barin birni, bayan Sallah kowa na komawa, haka nan buɗe makarantu a Oktoba. Tsakiyar damina kuwa, manomi na gona, aljihu ba komai, hanya ta lalace. Wannan ne lokacin babban gyara, kuma da kuɗin kaka ake yinsa, in an bar su sun kai lokacin.

Layukan kan iyaka, Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, Ƙwanni zuwa Illela, Damagaram zuwa Kano ta Matamai ko Magarya, su ne masu maiƙo, kuma su ne masu hatsari. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023, ga kuma ƴan bindigar da suka hana tafiyar dare a wasu sassan kudancin Maraɗi. Wanda duk motocinsa ke kan layi ɗaya, sanarwa ɗaya a rediyo ta ishe shi zama.

Sunan wa ke kan takarda

Ma'aikacin gwamnati yana da wata matsala ta kansa. Dokar aikin gwamnati ba ta yarda ya yi kasuwanci da sunansa yana kan aiki ba, saboda haka kart giris kan fita da sunan ƙane, ko na mata, ko na aboki, ba tare da wata rubutacciyar shaida ba. Muddin ana shiri, lafiya lau. Ranar da aka ɓata, ko wanda sunansa ke kan takarda ya rasu, motar ta shiga gadon wasu. Ɗan kasuwa kuma yakan haɗa kuɗin mota da na shago a aljihu ɗaya, ya cike giɓin wannan da na wancan, har ya kasa sanin wanne ke ɗauke da wanne.

Dokokin OHADA, waɗanda Nijar ke bi tun bayan yarjejeniyar 1993, sun ba da damar kafa kamfani irin SARL, ko da na mutum ɗaya ne, mai rajistar kasuwanci da lambar haraji, wanda dukiyarsa ke dabam da ta mai shi. Amfanin wannan ya fi fitowa ranar rabon gado. In motocin na mamaci ne kai tsaye, ana yi musu kuɗi a raba, babban ɗa ya ɗauki biyu, ɗakin amarya ɗaya, ƴan mata su haɗu a kan ɗaya su saida, motar da ake ajiyewa don maye gurbi ta tafi wajen biyan bashi. Kowa ya koma layin tasha da tasa, rumfa ta rufe, direbobi su watse. In kuwa na kamfani ne, abin da ake rabawa shi ne hannun jari, kowane magaji ya samu kasonsa yadda shari'a ta yanka, kuma bayan sadakar uku motar ƙarfe 7 ta tashi zuwa Dakwaro da direbanta na jiya.